Kafin Tarago Ya Hau Sikeli

Kaf faɗin ƙasar Chadi babu layin dogo ko na kilomita ɗaya. Yaron da aka haifa a Njamena yana iya girma, ya yi aure, ya aurar, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Amma kasuwar birnin da dogo take numfashi, sai dai dogon na maƙwabta ne. Kaya da yawa da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala jirgin ƙasa ke ɗauko su zuwa Ngaundare, inda layin Kamaru ya tsaya tun 1974, daga nan manyan motoci su karɓa. Ta yamma kuma ga Maiduguri, wadda dogon Najeriya ya isa a 1964, ƙasa da kilomita 300 daga Njamena. Kakanninmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa sun san wannan giɓi a jikinsu: jirgi ya kawo su iyakar inda dogo ya ƙare a Najeriya, su ratsa Fallomi, wato Njamenan yau, da Abeshe a bayan akori-kura ko a ƙafa, sai a El Obeid ta Sudan su sake ganin tarago. Wasu a nan Njamena guzuri ya ƙare musu, suka zauna, jikokinsu na cikin Hausawan birnin a yau.

Shi ya sa hayaniyar da aka yi a Maiduguri a 2023 ba ta wuce mu ba. Rikicin Boko Haram ya hana jirgi zuwa can shekara da shekaru, taragun fasinja suna jibge a tasha. Kwatsam sai aka ga tireloli sun shigo ana loda su. Mutanen gari suka yi ca, aka ce ga ɓarayi nan za su kai dukiyar jama'a wurin 'yan gwangwan. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta fito ta ce da saninta, Jos za a kai su a gyara. Ba shari'ar wannan magana ta kawo ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, taragon da ya daɗe haka a rana, ba gilashi, ba kujera, awaki na kwana a ƙarƙashinsa, wa ke da hurumin cewa ya mutu ko da sauran rai? Ɗan kasuwa ya dube shi, tan talatin da wani abu na ƙarfe yake gani. Ɗan siyasa ya dube shi, dalilin sayo sabo yake gani. Akwai mutum na uku, mai baƙar riga da guduma, wanda shi kaɗai ya san gaskiyar taragon, shi ne kuma ba a cika tambaya ba.

Shi ne bakaniken taragu, irin waɗanda manyan ma'aikatun gyara na Ebute Metta a Legas, da Inugu, da Zariya suka yaye, da takwarorinsu na Bassa a Duwala. Sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa, domin jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Zariya kuwa ta zama mahaɗa, duk jirgin da ya nufi Kano ko Ƙaura ko Nguru daga kudu sai ya gaishe ta. A 1964 fasinja fiye da miliyan 11 reluwen Najeriya ya ɗauka. Taragun da suka yi wannan jigila ba sabbi ba ne kowace shekara. Hannun waɗannan mutane ya riƙe su.

Abin da mai kallo ke kira tarago, a wurin bakanike abu uku ne. Akwai akwatin da fasinja ke zama. Akwai shasi, wato gadon ƙarfen da akwatin ke kai, wanda ke ɗaukar ja da turi na dukan jerin. Sannan akwai bogi biyu, ɗaya a kowane kai, kowanne da ƙafa huɗu da sifirin da birki, yana juyawa a kan turke ɗaya domin dogon tarago ya iya shan kwana. Akwatin nauyinsa ne ke zaunar da shi a kan bogi. A saka jak huɗu, a kwance 'yan sanduna da bututu, a ɗaga, sai a turo bogin waje, a bar akwatin a kan matokara. Daga wannan lokaci ake fara karanta taragon.

Gwani ba ya ɓata lokaci a kan abin da ke ba baƙo tsoro. Fenti ya kwaile, rufi ya yi ja, taga ta fashe, duk wannan kuɗi kaɗan ne da haƙuri. Ƙarƙashi yake shiga da fitila da 'yar guduma mai tsini, yana bin manyan ƙarafan shasi taku-taku, yana sara. Inda ƙarfe ke da lafiya guduma za ta yi tsalle ta dawo. Inda tsatsa ta ci ciki sai ɓawo ya zubo, wani lokaci tsinin ya wuce fit. Ya san inda ciwon ke ɓuya tun kafin ya je: ƙasan tagogi inda ruwan sama ke kwanciya, matakalar ƙofa, sai kuma uwa uba ƙarƙashin bayan gida. Tsofaffin taragu kai tsaye suke zubar da komai a kan dogo, fitsarin shekara talatin kuwa ba ƙarfen da bai ci. Daga nan a ja zare daga wannan kai zuwa wancan, a duba ko tsakiyar ta lotsa. Idan gadon nan ya miƙe sak, tsatsa ba ta kai ga ƙashinsa ba, to taragon yana da rai ko da akwatin ya zama kango. Idan ya lanƙwashe ko ya murɗe, ko yau aka yi masa fenti, ya gama.

A nan Arewa tana da wata sa'a da ba a cika lura da ita ba. Iskar Legas mai laima ce da gishiri, ƙarfen da aka yasar a Apapa ba ya daɗewa. Busasshiyar iskar Nguru da Maiduguri da Ƙaura tana kashe katako da roba da fenti, amma tana ƙyale ƙarfe. Taragon da ya fi muni a ido sau da yawa shi ya fi lafiya a ƙasa.

Sai ƙafafu, inda gwanintar ta taru. Ƙafar jirgi ba kamar ta mota take ba, da kowacce ke juyawa ita kaɗai. Biyu-biyu suke, an matse su da ƙarfin tan da dama a kan sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa ko sun so ko sun ƙi. To yaya suke shan kwana, alhali ta waje tana da tafiya mafi nisa? Mutane suna ɗauka leɓen nan da ke gefen ciki shi ke riƙe jirgi a kan dogo. Leɓen mai jiran ko-ta-kwana ne kawai. Sirrin yana fuskar da ke taka dogon: an sassaƙe ta a ɗan karkace, ɓangaren da ke kusa da leɓe ya fi na waje girman da'ira, bisa tsohuwar ƙa'ida kashi 1 cikin 20. Da jirgi ya shiga kwana, ƙafafun sukan ɗan zame waje, ta waje ta hau kan babban gefenta, ta ciki ta sauka kan ƙaramin, sai ta waje ta riƙa cin ƙasa fiye da 'yar'uwarta a kowane juyi ɗaya. Da kansu suke karya kwanar, ba sitiyari.

Wannan 'yar karkatar ita tafiya ke cinyewa. Fuskar ta kwarmaɗe, leɓe ya yi kaifi, ko kuma birki ya ƙulle ƙafa ta ja a kan dogo har wuri ɗaya ya baje. Wanda ya taɓa kwana a jirgin Kano zuwa Legas ya ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas da ke bin saurin jirgi, to bajajjiyar ƙafa ce ke dukan dogo. Maganinta a ɗora ƙafafun biyu tare a kan babban injin sassaƙar ƙarfe, a fere su har siffar asali ta dawo, bambancin girmansu kada ya kai milimita ɗaya. Mai wannan inji marowaci ne, kuma rowar tasa ce gwanintarsa. Kowace milimita da ya fere, rai ne ya rage wa ƙafar, don haka iya abin da zai kawar da aibin yake cirewa, ba ƙari. A tsofaffin taragu fuskar nan zobe ce ta daban. In ta yi siriri sai a cire, a kawo sabuwa wadda ta ɗan fi ƙafar matsi, a zagaye ta da wuta har ta buɗe, a zura ƙafar a ciki, a bar ta ta huce. Tana hucewa take damƙewa, damƙar da ba noti ko walda da za su yi irinta.

Tsagewa kuwa ita ce abin tsoro, domin ido ba ya ganinta, kuma ranar da za ta bayyana jirgi yana gudu ne da ɗaruruwan mutane. Tsofaffin matafiya za su tuna mutumin da ke bin jirgi a manyan tashoshi da doguwar guduma, yana bai wa kowace ƙafa ɗaya. Aikinsa ɗaya ne da na matar da za ta sayi tukunyar ƙasa a kasuwa ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa: lafiyayya ta yi ƙara mai tsawo, mai tsaga ta yi guntun sauti a dushe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Yana wucewa kuma yana ɗora bayan hannunsa a kan akwatin da ke bakin kowace sanda, ya ji ko ya yi zafi. Mutum ɗaya, guduma ɗaya, ƙafa takwas a kowane tarago, cikin 'yan mintunan da fasinja ke sayen ƙosai da rake.

A cikin ma'aikata akwai wata dabara da ta fi wannan ban sha'awa. A wanke sandar tas, a jiƙa ta da baƙin mai da aka sirka da kananzir, a bar shi ya shige duk inda zai shiga. A goge ta ƙal har ba maiƙo. A shafe ta da farin alli da aka dama, a jira ya bushe. Sannan a kawo guduma a narka mata. Girgizar tana matso man da ya maƙale a cikin tsaga, sai ka ga wani siririn layi baƙi yana fitowa a kan farin, inda ɗazu ka rantse ba komai. Reluwe ne ya fara wannan fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma daga gare shi aka samo jan ruwa da farin hoda da masu binciken ƙarfe ke fesawa yau har a kan jirgin sama. Yanzu akwai na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta nuna tsagar a allo, ta kuma fi kowane kunne. Sai dai tana son batir, da kayan gyara daga waje, da wanda ya iya karanta ta. Ma'aikatar da ta jefar da alli da guduma don ta sayi na'ura, ranar da na'urar ta tsaya ta makance.

Akwatin da mai guduma ke taɓawa, a nan dukan nauyin tarago ke sauka a kan sanda mai juyawa. Na zamani boris ne. Na da kuwa wani sirdi ne na tagulla da aka zuba wa farin ƙarfe mai laushi a ciki, yana zaune a kan sandar, ƙarƙashinta kuma matashin auduga jiƙe da mai yana lasar ta. Zaunar da sirdin nan aikin hannu ne zalla. A shafa wa sandar wani shuɗin maiƙo siriri, a ɗora sirdin, a ɗan murza, a ɗaga. Duk inda shuɗi ya kama, nan ne tudu. A kankare shi da makankara, a sake ɗorawa, a sake ɗagawa, haka dai har shuɗin ya bazu ko'ina daidai. Yaro mai gaggawa zai ce, "Maigida, ai ya zauna." Maigidan ba zai ce komai ba, zai miƙa masa makankarar ne kawai. Ya san cewa in tudu ɗaya ya rage, a nan zafi zai taru, farin ƙarfe ya narke, audugar ta kama wuta a tsakiyar daji.

Tagullar nan ce kuma ajalin taragu da yawa. Ba tsufa ke kashe taragon da aka ajiye ba. Daren farko da mai gadi ya yi barci, sirdin tagulla ke tafiya. Sai wayoyin wuta, sai batura, sai firam ɗin tagogi na alminiyam, sai famfo, sai ƙofa. Kayan da ɓarawo zai sayar a kuɗin cefanen mako, mayar da su sai an buɗe baitulmali. Bayan shekara biyu kwamiti ya zo ya ga kwarangwal, ya rubuta cewa ba ya gyaruwa, alhali shasinsa garau yake.

Birki ma sai an tsaya a kansa. Tsohon tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila abin mamaki ne: bututu ɗaya ke bi ta ƙarƙashin dukan taragu, kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikinsa, kuma rashin iskar ne ke riƙe birki a sake. Direba na son tsayawa sai ya bar iska ta shiga, takalman ƙarfe su damƙe ƙafafu. Hikimar ita ce, in mahaɗa ta tsinke taragu suka rabu da kai, bututun ya yage, iska ta shiga, kowane tarago ya taka wa kansa birki. Sabon tsari da matsattsiyar iska yake aiki, amma dabarar ɗaya ce. Abin da ke riƙe da wannan duka ƙananan abubuwa ne, zoben roba da tiyo da bawul, su ne kuma rana ke fara busarwa. Don haka ba taragon da ke fita daga gyara sai an gwada ko yana yoyo, ba kuma jirgin da ya kamata ya bar tasha sai an je taragon ƙarshe an tabbata birki ya kai can.

Mu da ke bin layin Kamaru mun ga abin da sakaci da wannan ke jawowa. Ranar 21 ga Oktoba 2016, hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, jama'a suka yi wa tasha tsinke, aka ƙara wa jirgi taragu. A gangaren Eseka ya ƙwace, ya kife, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Binciken gwamnati ya ambaci gudun da ya kai kilomita 96 a awa a inda aka ƙayyade 40, da lodi fiye da kima, da taragu masu matsalar birki, da rashin gwada birkin yadda ya kamata kafin tashi. Taragun da aka zarga ba tsofaffi ba ne, 'yan shekaru kaɗan suka yi da zuwa. Duk mai cewa tsohon tarago hatsari ne, sabo kuma aminci, ya riƙe wannan.

Abin da ya rage aikin da kowa ya sani ne. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen gefe ya sa sabon faranti, kafinta ya shimfiɗa daɓe, mai kushin ya yi kujeru, mai wuta ya ja waya ya ɗaura fanka, mai fenti ya rufe. Gargaɗi ɗaya dai: taragun da aka ƙera shekarun baya sukan zo da asbesto a bango da rufi don tare zafi, ƙurarsa kuwa tana kwanciya a huhu ta kashe mutum bayan shekara ashirin ko talatin. Wanda ya sani yakan jiƙa shi kafin ya taɓa, ya rufe hanci da baki. Yaran da ke ɓarke taragu a bola ba wanda ya gaya musu.

Tunda kamfanonin da suka ƙera yawancin taragun nan sun daina yin kayansu, wasu ma sun rufe, bakanike ya koyi haɗa rai ɗaya daga gawa uku: bogin wannan, ƙofofin wancan, silindar birkin na ukun. Abin da ba a samu ba a zana shi a ƙera. Masu ofis suna yi wa wannan kallon alamar talauci. Ni a ganina ilimi ne da ba ya cikin kowane littafi, domin sanin cewa sifirin ɗin taragon wata ƙasa zai zauna a bogin wata in an rage masa kaza, sai wanda ya shekara talatin yana kwance su. Kuma a al'adar reluwe ko'ina, tarago ba ya faɗowa daga daraja zuwa bola a tsalle ɗaya. Daga jirgin dogon zango ya koma na kusa, daga nan ya zama masaukin leburori masu gyaran dogo ko ma'ajin kayan agaji in an yi hatsari, a ƙarshe a sauke akwatin a ƙasa ya zama sito ko ofishin mai gadi.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba sa jin kunyar wannan. Indiya takan yi wa taragonta babban gyara a tsakiyar rayuwarsa, in ya tsufa ta kwashe kujerun ta buɗe masa ƙofa a kai ya koma ɗaukar sabbin motoci. A 2020, lokacin korona, taragu fiye da 5,000 ta mayar ɗakunan killace majinyata. Afirka ta Kudu, wadda faɗin dogonta ɗaya ne da tsohon namu na Najeriya, milimita 1,067, tun 1994 take da Phelophepa, jirgin asibiti da aka haɗa da gyararrun taragu, yana bin ƙauyuka da likitocin ido da na haƙori. A yi tunanin irinsa tsakanin Kano da Nguru. Legas ma da ta tashi buɗe layinta na Red Line a 2024, cikin abin da ta sayo har da jiragen InterCity 125 na Ingila, samfurin da ya fara aiki a 1976, da wasu na kamfanin Talgo da aka ƙera wa jihar Wisconsin ta Amurka suka shekara kusan goma a ajiye ba su ɗauki fasinja ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ba kowane ciniki ke faɗawa daidai ba: tsofaffin taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa na Toronto da aka ƙulla cinikinsu a 2011 don Legas ba su taɓa ganin Legas ba, yayyanka su aka yi. Birnin New York kuwa, tsakanin 2001 da 2010, taragu sama da 2,500 ya wanke ya zuba a teku don kifi ya samu gida. Mu ba mu da wannan wadata.

Abin da ke yanke wa tsohon tarago hukuncin inda zai iya zuwa shi ne faɗin dogo. Na Kamaru milimita 1,000 ne, tsohon na Najeriya da na Sudan 1,067, sabon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 kuwa 1,435. Tazarar milimita 67 kacal ta isa ta hana taragon Ngaundare taka dogon Maiduguri sai an sake masa ƙafafu. Chadi, wadda ta sa hannu da kamfanin CCECC na Sin a 2011 kan gina layin dogo har yau ba a ga ƙarfe ɗaya a ƙasa ba, tana zaune a tsakiyar ma'auni uku. Duk ranar da abin ya tabbata, wannan lissafi za ta fara yi. Ta kuma dubi Nijar, inda aka shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, aka yi biki, har yanzu ba jigila.

Wanda ya mutu da gaske fa? Yanka shi ba abin kunya ba ne, kuma shi ma sana'a ce. Mai yankan kirki ba ya fara kunna gas. Sai ya kwance duk abin da wani tarago zai mora, ya ware tagulla gefe, alminiyam gefe, ya zuƙe mai. Sannan ya faro daga rufi, ya sauko bango, shasi a ƙarshe, yana lura da inda nauyi ya rataya, domin wanda ya yanke matokari kafin abin da ke kansa ba ya ba da labari. Sifirin kuma ba a sakinsa sai an ɗaure, don yana iya harbi. Daga nan ƙarfen ya bi hanyarsa: mai yawa ya tafi masana'antun narka ƙarfe ya dawo rodin gini, zaɓaɓɓe ya biyo ta kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Maƙera sun san darajar ganyen sifirin, domin yana shan wuta ya riƙe kaifi, gatari da adda da wuƙar fawa duk suna fita daga cikinsa. Guntun dogo kuwa ya daɗe da zama uwar maƙera a garuruwan da jirgi bai taɓa zuwa ba. Tsakanin wannan da masu kwance dogo mai rai da dare su loda a tirela, akwai tazarar da ke tsakanin mahauci da ɓarawon shanu. Laifin da nake gani a gwanjon hukuma ɗaya ne: a sa tarago a jerin na yanka bisa kallon ido da nauyin sikeli, ba tare da wanda ya shiga ƙarƙashinsa da guduma ya sa hannu ba.

Masu wannan sa hannu kuwa ƙarewa suke yi. Reluwen Najeriya ya durƙushe a shekarun 1980, aka yi ta sallamar ma'aikata, aka daɗe ba a ɗauki sabbin yara ba, har sai da aka sake buɗe layin Legas zuwa Kano a Disamba 2012. Tsara guda ta faɗi a tsakani. Makarantu akwai: cibiyar fasahar sufuri ta NITT tana Zariya tun 1986, ga sabuwar jami'ar sufuri a Daura, ga masana'antar haɗa taragun kaya a Kajola ta jihar Ogun. Duk suna da amfani. Amma allo ba ya koya wa kunne bambancin ƙarar lafiyayyar ƙafa da mai tsaga, sai an tsaya kusa da wanda ya ji dubu. Sabbin taragun da ake yi wa biki yau, nan da shekara goma sha biyar za su nemi wannan kunne da wannan hannu, haka ma waɗanda za su hau layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, mai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Saboda haka, mai karatu, in kana da yaro mai hannu, wanda ke kwance rediyo ya mayar, ko yana zaune a shagon walda yana ƙera ƙofa da taga, kada ka jira gwamnati ta buɗe masa aji. Tsofaffin kanikawan nan suna nan a Zariya da Kafanchan da Minna da Kano, suna zaune a ƙofar gida suna jiran fansho. Ka nemi ɗaya, ka kai masa goro, ka damƙa masa yaron.